Yaƙin Muye da Kalmar Ming: Yadda Mulki Ya Tashi Daga Gidan Shang Zuwa Gidan Zhou a Tsohuwar Ƙasar Sin

0. Gabatarwa

Wajen shekara ta 1046 kafin Miladiyya (K.M.), a wani fili da ake kira Muye cikin lardin Henan na ƙasar Sin ta yanzu, rundunar gidan Zhou ta karya rundunar gidan Shang. Kafin wannan rana gidan Shang ya yi sama da shekaru 500 bisa mulki. Sarkinsa na ƙarshe ya mutu a ranar, sarauta ta koma gidan Zhou, kuma can ta zauna, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci da suna kawai, har shekara ta 256 K.M. Babu gidan sarautar da ya kai wannan daɗewa cikin tarihin ƙasar.

Faɗan kansa bai wuce wuni guda ba. Labarinsa kuwa an yi ƙarnuka ana saƙa shi, kuma matanin da suka kawo mana shi ba tsara ɗaya ba ne: akwai wanda aka rubuta jim kaɗan bayan faɗan, akwai wanda ya zo bayan shekaru 950. Abin da muke so mu yi cikin wannan maƙala shi ne mu jera waɗannan matani bisa ga shekarunsu, mu duba abin da kowanne ya faɗa da abin da ya yi shiru a kansa. Za a ga cewa hujjar da gidan Zhou ya kafa don halatta ƙwacen mulki ba ta cikin shaida mafi tsufa. Inda aka fara jin ta da ƙarfi shi ne lokacin da masu nasarar suka shiga tsaka mai wuya, kuma ta rataya ne bisa kalma guda, wato ming, wadda masanan Faransa suka saba fassarawa da « mandat ».

Mun rubuta sunayen Sinanci da tsarin pinyin. A nan akwai wani tarko da ya kamata mai karatu ya sani tun da fari. Sunan gidan da ya ci yaƙi da laƙabin sarkin da aka ci, dukansu Zhou ake rubuta su (tsofaffin littattafan Faransanci na rubuta Tcheou). Karin sauti ne ya raba su a Sinancin yau: na gidan yana da karin sama miƙaƙƙe, na sarkin yana da karin faɗuwa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da shi ma yana rubuta kuka na hawaye da kuka ta miya iri ɗaya. Don gudun ruɗani za mu kira sarkin da ɗaya sunansa, Di Xin.

1. Labarin kamar yadda aka gaje shi

Labarin da ya fi yaɗuwa ya fito ne daga littafin Shiji na Sima Qian, wanda aka kammala wajen shekara ta 91 K.M. Édouard Chavannes ya fassara babi 47 na farko cikin babi 130 zuwa Faransanci tsakanin 1895 da 1905, kuma ta nan ne yawancin masu karatu da Faransanci suka san shi.

Mutanen Zhou mazauna kwarin kogin Wei ne, cikin lardin Shaanxi na yanzu, kusan kilomita 500 yamma da zuciyar ƙasar Shang. Da can suna ƙarƙashin Shang, har shugabansu, wanda aka sani daga baya da suna Sarki Wen, yana riƙe da sarautar uban ƙasar yamma. An ce Di Xin ya taɓa tsare shi a wani wuri mai suna Youli, sa'an nan ya sake shi bayan an kai masa kyaututtuka. Sarki Wen ya ƙare rayuwarsa yana cin ƙananan ƙasashen da ke tsakaninsa da Shang, ya rasu bai kai ga babban yaƙin ba. Ɗansa, Sarki Wu, ya tara runduna a mashigin Mengjin na kogin Huang He, sarakuna 800 suka amsa kiransa, amma ya ce lokaci bai yi ba, ya juya gida. Bayan shekaru biyu ya komo da karusa 300, wato kekunan yaƙi da dawaki ke ja, da zaratan dakaru 3,000 da ake wa laƙabi da sunan damisa, da sojojin sulke 45,000. Di Xin ya tare shi a Muye, kudu da birnin Zhaoge, da mutum 700,000.

Sima Qian ya ce sojojin Shang ba su da zuciyar faɗa. Da tsohon mashawarcin nan Lü Shang (wanda aka fi sani da Jiang Ziya) ya kai farmakin farko, sai na gaba suka juya makamansu suka buɗe wa Zhou hanya. Di Xin ya gudu zuwa wani dogon gini na fadarsa, ya sa tufafinsa na duwatsun ado, ya faɗa wuta. Sarki Wu ya zo ya harbi gawar da kibiya uku, ya sare kan da gatari, ya rataye shi bisa farar tuta.

Adadin 700,000 ba abin da za a tsaya a kansa ba ne. Muna da takardun gidan Shang na kansu, wato rubutun duba da suka bari bisa allon kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru, waɗanda aka gane darajarsu a 1899, aka fara haƙo su bisa tsari a Anyang a 1928. A cikinsu, idan sarki zai tara mayaƙa, mutum 3,000 ko 5,000 ake ambata, kuma adadi mafi girma shi ne 13,000, a zamanin Sarki Wu Ding. Waɗannan ƙasusuwa sun kuma nuna cewa a ƙarshen daular an yi dogon yaƙi da mutanen Renfang can gabas. Littafin Zuozhuan ya haɗa cin mutanen gabas da halakar Di Xin, kuma a ganinmu wannan ya fi bayyana faɗuwar Shang: ƙarfinsu yana gabas, bugu ya zo musu daga yamma.

2. Akushin Li da matsalar shekara

A watan Maris na 1976 manoma sun tono wasu kayan tagulla a gundumar Lintong, kusa da birnin Xi'an. Cikinsu akwai wani akushi na zuba hatsin sadaka ga kakanni, irin wanda Sinawa ke kira gui, tsawonsa santimita 28. Yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Bejin. A cikin gindinsa akwai rubutu layi huɗu, alamomi talatin da ƴan kai, kuma shi ne shaida mafi kusa da yaƙin da ta zo hannu. Abin da ya ƙunsa shi ne: Sarki Wu ya kai wa Shang yaƙi, da safiyar ranar jiazi ne, kuma cikin wuni guda ya mallaki Shang, ranar xinwei sarki yana sansani, ya ba wani ma'aikaci mai suna Li kyautar ƙarfe, shi kuma Li ya sa aka zuba wannan akushi don girmama kakansa. Sinawa na ƙidayar kwanaki da zagaye mai kwana 60. Jiazi ita ce rana ta 1, xinwei ta 8, ke nan mako guda tsakanin faɗan da rabon lada.

Wannan ɗan rubutu ya gaskata abu biyu da littattafan baya suka faɗa, sunan ranar da kuma saurin nasarar. Amma ya dace a lura da abin da babu a cikinsa. Bai ambaci sunan Di Xin ba, balle laifinsa. Bai ce Sama ta aiko Sarki Wu ba. Mai akushin abin da ya dame shi shi ne an ci yaƙi, an ba shi rabonsa, kuma kakansa ya ji labari. Gaskiya ne cewa ba a tsammanin wa'azi daga irin wannan matani, domin gajere ne kuma na gida ne. Duk da haka, akusan da tukwanen da aka zuba bayan shekaru kaɗan, waɗanda su ma na gida ne, sun cika da zancen Sama, kamar yadda za mu gani.

Alamomi biyu na tsakiyar rubutun, sui da ding, sun raba kan masana. Yu Xingwu ya ɗauke su bisa ma'anar duba da aka yi kafin faɗa. Zhang Zhenglang ya ce sui tauraron Mushtari ne, ma'anar kuwa tauraron yana tsaye a matsayinsa a wannan safiya. Wannan saɓani na nahawu yana da nauyi, domin idan karatu na biyu ne daidai, to masu ilimin taurari na iya lissafa shekarar.

Dalilin neman shekarar shi ne, jerin shekarun Sin wanda babu gardama a kansa daga 841 K.M. ya fara. Duk abin da ya gabaci wannan sai an yi lissafi. Liu Xin, malamin zamanin daular Han, ya ba da shekarar da ta yi daidai da 1122, kuma ita ce littattafan Turai suka daɗe suna maimaitawa. Wani kundin tarihi da aka rubuta bisa tsinken gora, aka tono shi daga wani kabari a ƙarni na 3 na Miladiyya, yana kai mutum ga 1027. Tsakanin tsofaffi da sababbin masana an kawo shekaru daban-daban sama da 40. A 1996 gwamnatin Sin ta kafa wani babban aikin bincike na tsara shekarun daulolin Xia da Shang da Zhou, ƙarƙashin jagorancin Li Xueqin da wasu, da masana kusan 200. Awon karbon 14 ya taƙaita musu fagen tsakanin 1050 da 1020, sa'an nan suka haɗa da matsayin Mushtari da sunayen kwanaki na rubutun tagulla, suka tsaya bisa 20 ga Janairu 1046. Sun bayyana sakamakon a 2000. David Pankenier na Amurka ya riga su kaiwa ga wannan shekara, Edward Shaughnessy ya zaɓi 1045, David Nivison kuwa ya soki hanyar aikin da zafi, ya tsaya bisa 1040. Tazarar da ta rage ta ƴan shekaru ce, ba ta taɓa abin da muke bi a nan.

3. Jinin da Mengzi ya ƙi yarda da shi

Akwai wani babi mai suna Shifu, ma'anarsa babban kamu, cikin littafin Yi Zhou shu. Malaman gargajiya sun yi watsi da shi ƙarni da ƙarni saboda abin da ke ciki bai yi kama da Sarki Wu da suka sani ba. A cikinsa yaƙi bai ƙare ranar jiazi ba. An aika sarakunan yaƙi ko'ina su murƙushe ƙawayen Shang, an ci ƙasashe 99, an ƙidaya waɗanda aka kashe 177,779 da bayin yaƙi sama da 300,000. Da sarki ya koma gida, an yanka manyan Shang a ɗakin tsafin kakanni, an gabatar da kan Di Xin da kawunan matansa. Waɗannan adadi ma an kumbura su, babu shakka, amma a nan fahariya ce ta kumbura su: marubucin yana alfahari da yawan gawa.

Abin da ya dawo da darajar wannan babi nazarin harshe ne. Gu Jiegang a ƙasar Sin, sa'an nan Shaughnessy, sun nuna cewa kalmominsa da yadda yake ƙidayar kwanaki da sunayen hadayu sun dace da rubutun ƙasusuwan Shang da na tagullar farkon Zhou, abubuwan da mai ƙirƙira na ƙarnukan baya ba zai iya sani ba. Bugu da ƙari, guntayen da Liu Xin ya ɗauko daga wani tsohon babi mai suna Wucheng sun yi daidai da wasu layukan Shifu. Shi Wucheng na asali ya ɓata. Wanda ke cikin littafin Shujing na yanzu ƙagagge ne na baya, kamar yadda Yan Ruoqu (1636-1704) ya tabbatar game da rukunin babin da yake ciki.

To wannan Wucheng na asali shi ne Mengzi (wajen 372-289 K.M.), babban magajin tafarkin Kongzi, wanda Turawa ke kira Konfusiyus, ya karanta ya ce ƴan layuka kaɗan kawai ya yarda da su. An faɗa a ciki cewa jini ya malala a Muye har taɓare na yawo a kansa. Mengzi bai kawo wata shaida ta daban ba. Hujjarsa ita ce, mafi tausayin mutane ne ya yaƙi mafi rashin tausayinsu, ina za a sami wannan jini? Ke nan ya fara da hukunci bisa halin mutanen biyu, sa'an nan ya gyara takarda ta dace da hukuncin. Daga irin wannan karatu ne labarin sojojin da suka juya makamansu ya sami gindin zama, domin yana ba da nasara ba tare da kisa mai yawa ba. Mai yiwuwa wasu sun juya ɗin, tun da akwai manyan Shang da suka miƙa wuya, kamar Weizi ɗan'uwan Di Xin. Amma Shifu ya girmi wannan labari, kuma shi ba ya jin kunyar jini.

Haka laifuffukan Di Xin suka yi ta hayayyafa. Babin Mushi na Shujing, wanda aka ce jawabin Sarki Wu ne ga runduna da safiyar faɗan (harshensa ya nuna an sake rubuta shi daga baya), ya tuhume shi da abu kaɗan: yana jin maganar mace, ya bar hadayar kakanni, ya yar da ƴan'uwansa na jini, ya ɗauko ƴan gudun hijira daga wasu ƙasashe ya ba su muƙamai. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa biyu na ƙarshe kukan ƴaƴan sarauta ne da aka hana su abin da suke ganin gadonsu ne. Sunan matar ma, Daji, babu shi a nan. Tafkin giya, da dajin nama, da ginshiƙin tagulla mai zafi da ake sa mutane su taka, da tsaga ƙirjin Bigan don a ga zuciyarsa, duk a littattafan ƙarnukan baya suka ɓullo. Gu Jiegang ya ƙidaya laifuffuka 70, ya nuna lokacin da kowanne ya shigo. A ƙarni na 16 na Miladiyya littafin hikaya na Fengshen yanyi ya mai da Daji aljanar yanyawa. Tun zamanin Kongzi almajirinsa Zigong ya lura cewa mugun halin Di Xin bai kai yadda ake faɗi ba, sai dai wanda ya faɗi ƙasa, sharar duniya a kansa take taruwa.

4. Ming da geming

Sarki Wu bai daɗe ba, ya rasu shekara biyu ko uku bayan Muye. Ya bar Wu Geng, ɗan Di Xin, bisa tsohon birnin Shang don ya ci gaba da hadayar kakanninsa, ya sa ƴan'uwansa uku su tsare shi. Magajinsa, Sarki Cheng, yaro ne, sai ƙanen mahaifinsa, Zhou Gong, ya riƙe mulki. Ƴan'uwan nan masu tsaro suka zarge shi da neman cinye sarauta, suka haɗa kai da Wu Geng da mutanen gabas suka yi tawaye. Shekara uku Zhou Gong ya yi yana yaƙi kafin ya kashe wutar. An kashe Wu Geng da Guan Shu, an kori Cai Shu. Daga nan aka rarraba mutanen Shang: aka ba ƙasar Lu dangi shida, ƙasar Wei dangi bakwai, aka kwashe wasu manya zuwa sabon birnin Luoyi (Luoyang ta yanzu), aka ba Weizi ƙasar Song. Daga wannan gida na Song ne zuriyar Kongzi ta fito.

Mutanen Zhou ba su kai na Shang yawa ba, ba su kai su gwanintar rubutu da zubin tagulla ba, kuma suna bukatarsu. Wani farantin tagulla da aka tono a 1976 a Fufeng, na wani magatakarda mai suna Qiang, ya ba da labarin yadda kakansa ya zo ya yi mubaya'a ga Sarki Wu bayan cin Shang, Zhou Gong ya ba shi mazauni, zuriyarsa ta ci gaba da aikin alƙalami a fada. Irin waɗannan mutane ba a riƙe su da takobi kaɗai. Sai an gaya musu abin da ya sa ubangidansu na jiya ya faɗi, da abin da ya sa bin na yau ba cin amana ba ne. Babin Shujing da masana suka fi amince wa tsufansu, kamar Duoshi da Duofang da Kanggao da Shaogao, jawabai ne na wannan lokaci, kuma wasunsu ga manyan Shang ɗin aka yi su.

A nan kalmar ming ta shigo. A tsohon rubutu ming da ling, wato umarni, alama ɗaya ce, daga baya aka ƙara wa ming alamar baki. Cikin rubutun tagulla na Zhou ita ce kalmar da ake amfani da ita idan sarki ya kira mutum fada, ya ɗora masa aiki, ya ba shi tufafi da kayan doki da ƙasa. Saboda haka muke ganin kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce naɗi, fiye da izini ko wakilci da « mandat » ke kawowa a zuciya. Tianming shi ne naɗin Sama: yadda sarki ke naɗa hakimi, haka Tian ke naɗa sarki. (Mun bar Tian a matsayin Sama, ba mu fassara ta da sunan Ubangiji ba, domin kalma ce da ta haɗa sararin sama da abin bautar mutanen Zhou. Babban abin bautar Shang shi ne Di, kuma cikin rubutun ƙasusuwansu alamar tian na zuwa da ma'anar babba. Zhou ne suka haɗe biyun.) Wanda ya naɗa kuwa yana iya tuɓewa. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce ge, wadda asalinta fata ce da aka kankare wa gashi, daga nan ta ɗauki ma'anar cirewa da sauyawa. Geming ke nan tuɓe naɗi.

Tagulla ta ba mu shekarun wannan magana. Wani tulun giya na wani mai suna He, da aka samu a Baoji a 1963, an zuba shi a shekara ta 5 ta Sarki Cheng, ya ce Sarki Wen ya karɓi babban naɗi, kuma Sarki Wu bayan cin Shang ya kai wa Sama rahoto. Tukunyar Yu, ta shekara ta 23 ta Sarki Kang, mai alamomi 291, ta ƙara dalilin tuɓewar: Shang sun rasa naɗinsu saboda hakimansu da fadawansu sun dulmuya cikin giya. Pankenier ya nuna cewa a 1059 K.M. taurari biyar masu tafiya sun taru wuri guda a sama, kuma yana ganin wannan ne Sarki Wen ya ɗauka alamar naɗinsa. Idan haka ne, imanin gidan Zhou cewa an zaɓe su ya girmi Muye. Abin da zamanin Zhou Gong ya ƙara shi ne mai da wannan imani ƙa'ida da ta hau kan kowa.

Dabarar da ya yi ita ce ya kafa wa Shang hujja da tarihinsu. Cikin Duoshi ya tuna musu cewa kakanninsu na da kundaye, kuma a ciki an rubuta yadda Tang, wanda ya kafa gidansu, ya tuɓe naɗin gidan Xia. Abin da aka yi muku, ku kuka fara yi wa wasu. Sai dai a lura cewa cikin dubban ƙasusuwan duba da aka karanta ba a sami sunan Xia a matsayin daular da Shang ta kayar ba, ko da yake sunan Tang na ko'ina cikin jerin kakanni. Kuma labarin Jie, sarkin Xia na ƙarshe, da yaƙin Mingtiao inda Tang ya ci shi, ya yi kama da na Di Xin har abin ya yi yawa: ga giya, ga muguwar mace, ga mashawarcin kirki da aka kashe, ga mai ceto da aka taɓa tsarewa. Muna zargin cewa an ɗinka wa Jie riga da awon Di Xin.

5. Kalmar ta juyo kan masu ita

Hujjar da aka ƙera don a rarrashi waɗanda aka ci tana da kaifi biyu, kuma Zhou Gong da abokansa sun san haka. Kanggao ya gargaɗi ɗan sarkin da aka tura Wei cewa naɗi ba ya dawwama wuri guda, Shaogao ya ce wa Sarki Cheng ya dubi Xia da Shang kamar madubi. Tun daga nan duk gidan da ya hau mulki a Sin sai ya ce an tuɓe na gabansa, shi aka naɗa, kuma da faɗin haka ya yarda cewa shi ma ana iya tuɓe shi. A ƙarshen ƙarni na 19 na Miladiyya, da masanan Japan suka nemi kalmar da za su fassara « révolution », wannan tsohuwar geming suka ɗauko (suna furta ta kakumei), ta komo Sin da sabuwar ma'ana, kuma da ita aka kira juyin 1911 da ya kawo ƙarshen sarauta baki ɗaya.

Amma tun da daɗewa akwai waɗanda ba su gamsu ba. Sima Qian da kansa ya buɗe sashen tarihin mutane na littafinsa da Boyi da Shuqi, ƴan'uwa biyu da aka ce sun riƙe linzamin dokin Sarki Wu suka tambaye shi ko bara ya kashe ubangidansa tausayi ne, bayan Muye kuma suka ƙi cin hatsin Zhou har yunwa ta kashe su bisa dutsen Shouyang. Mengzi ya warware wannan da sauya suna. Da Sarki Xuan na ƙasar Qi ya tambaye shi ko ya halatta bara ya kashe sarkinsa, sai ya amsa cewa wanda ya lalata tausayi da adalci ya tashi daga sarki ya zama wani mutum kawai, don haka a Muye wani mutum aka hukunta. Sinancin gargajiya na da fi'ili dabam na kashe na sama da kai, shi, da na hukunta mai laifi, zhu. Duk gardamar bisa zaɓin ɗaya daga cikin biyun take.

Sarakuna sun gane haɗarin. A gaban Sarki Jing na daular Han (157-141 K.M.) malamai biyu sun yi muhawara bisa wannan batu. Huang Sheng ya ce Tang da Wu masu kisan sarki ne, ya kawo misalin hula da takalmi: ko hula ta tsufa a ka take zama, ko takalmi sabo ne a ƙafa yake. Yuan Gu ya tambaye shi, in haka ne, hawan Gaozu, wanda ya kafa gidan Han bisa kufan gidan Qin, shi ma laifi ne ke nan? Sarki Jing ya ga duk wanda ya ba gaskiya ya cuci kansa, domin amsa ɗaya na zubar da halaccin kakansa, ɗayar na ba talakawansa damar tuɓe shi. Sai ya ce wanda ya ci nama ya bar hantar doki ba za a ce bai san daɗin nama ba (a lokacin ana ɗaukar hantar doki guba ce), haka malamin da ya bar zancen naɗin Tang da Wu ba za a kira shi jahili ba. Sima Qian ya ce bayan wannan rana malamai ba su sake kuskura su tattauna batun a fili ba. Shekaru 1,500 bayan haka, a 1394, Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming bayan ya kori gidan Yuan da takobi, ya sa aka fitar da taƙaitaccen littafin Mengzi da aka cire wa sassa 85, aka hana sa su cikin jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Amsar da Mengzi ya ba Sarki Xuan tana cikin waɗanda aka cire.